Huɗu-Huɗu

Ina shekara ta biyu a aiki maigidana ya tafi Umara, ya bar mini ɗakin sabobi. Sabobi biyu ne a gungu ɗaya, Pacemaker da Corosync ke tsaron su: in ɗaya ta faɗi, ɗayar ta ɗauki kayanta. Kowacce tana riƙe da rumbunan bayanai talatin na PostgreSQL, dukkansu a kan ma'ajiyar faifai guda.

Da na zauna ina bincike, irin na yaron da aka bar wa makulli, sai na ga Oga ya sa node-action-limit a kan 4, wato kada saba ta yi aiki fiye da huɗu a lokaci guda, ko tayarwa ko tsayarwa. Abin ya ba ni dariya. Inji mai ƙwayar furosesa goma sha shida, a ce ya riƙa tafiyar hawainiya? In ba a sa komai ba, Pacemaker da kansa yana ninka yawan ƙwayoyin sau biyu, ya ba ka talatin da biyu. Na goge huɗun nan, na tafi gida ina jin na gyara tsufa.

Kwana tara babu abin da ya faru, wanda shi ne mugun halin irin wannan kuskure.

Daren na goma, wajen ƙarfe biyu, wayata ta dame ni. Saba ta farko ta mutu. Gungun ya yi abin da aka gina shi ya yi: ya yanke mata wuta don kada ta farfaɗo ta taɓa faifan, sannan ya kwaso rumbunanta talatin ya sako su kan ta biyu, gaba ɗaya. To, rumbun da ya mutu ba shiri ba ya tashi haka kawai, sai ya sake karanta littafin ayyukansa na ƙarshe ya daidaita kansa. Talatin suna wannan karatu a faifai ɗaya. Furosesa na zaune tana hamma, fitilun ma'ajiya kuwa sun daina ƙiftawa, sun tsaya cak a kunne. Kowane rumbu daƙiƙa 120 aka ba shi. Lokaci ya cika ba wanda ya amsa, Pacemaker ya rubuta musu faɗuwa, kuma a ƙa'idarsa wanda ya kasa tashi sau ɗaya an hana shi wannan sabar. Ba ta uku da za su je. Har lafiyayyun talatin ɗin suka fara nishi.

Na kira Makka hannuna na rawa.

"Oga, don Allah a yi haƙuri, na taɓa huɗun nan."

Ya yi shiru kaɗan. Ina jin hayaniyar mutane a bayansa.

"Ka taɓa zuwa famfon unguwa da asuba?"

"Na je, Oga."

"In masu jarka talatin suka tura baki lokaci guda, wa ke cikawa? Kai ka ƙirga hannuwa, ba ka duba bakin famfon ba. Sauri ya haifi nawa, yaro. Mayar da shi huɗu, ka share tarihin faɗuwar, ka zauna ka naɗe hannu."

Naɗe hannun ya fi komai wuya. Na buɗe crm_mon, allon da ke nuna halin gungun, na zuba ido. Huɗu suka tashi cikin kamar daƙiƙa arba'in, wasu huɗu suka biyo. Sauran na layi, ni kuma zuciyata na cewa in ƙara ko zuwa goma. Ban ƙara ba. Zagaye takwas, ƙasa da minti shida, allon ya cika da masu rai, bayan na shafe awa ɗaya da rabi ina sake tayar da su a banza.

Da ya dawo na tambaye shi inda ya samo huɗu. Ya ce ba a littafi ba. Wata Asabar ce ya kashe saba ɗaya da gangan, ya gwada takwas faifan ya shaƙe, ya gwada shida yana tangal-tangal, huɗu ta wuce lafiya. Ya miƙo mini dabino da gorar Zamzam, ya ce an kawo sabuwar ma'ajiya mai sauri, Asabar mai zuwa ni zan zare wayar wutar, in zo da agogo da takarda.