Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Karatu: Ayyukan Manzanni 19:11-17

Ɗan'uwa, in ka bi hanyar gona a Matazu bayan damina, ka ɗan tsaya gindin tumfafiya. Za ka ga wani malam buɗe littafi mai ruwan goro, bakin fukafukansa baƙi da ɗige-ɗigen fari. Irin namu na Afirka ta Yamma, fukafukansa na baya farare ne. Masana suna ce masa Danaus chrysippus, tun 1758 Linnaeus ya sa shi a littafinsa.

Dubi tashinsa: a hankali, ba gaggawa, sai ka ce mai gari. Tun yana tsutsa ganyen tumfafiya yake ci, dafin ganyen kuwa ya zauna a jikinsa. Tsuntsun da ya taɓa haɗiye shi ya yi amai, ba ya ƙara kusantar mai wannan launi.

Akwai wata kuma, macen Hypolimnas misippus. Babban danginsu ɗaya ne, Nymphalidae, amma gida daban. Mijinta baƙi ne mai manyan tabo farare, ita kuwa ta ɗauko kamannin wancan sak. Ba ta ci tumfafiya ba. Da rigar aro take yawo.

Haka 'ya'yan nan bakwai na babban firist suka yi a Afisa. Sun ga Bulus yana fitar da aljanu, suka ari sunan Yesu, alhali ba su san shi ba. Aljanin bai ruɗu ba. Suka fita a guje tsirara, jina-jina.

Kai fa? Ka iya waƙoƙin sujada, ka iya ɗaga hannu, Halleluyarka ta fi ta kowa ƙara. Ban raina wannan ba. Amma ranar da yaro ya kwanta da zazzaɓi da tsakar dare, wani ya raɗa maka sunan boka, me zai fito daga cikinka? Abin da ka ci a ɓoye. Maganar Allah wani lokaci da ɗaci take, musamman wadda ta ce ka yafe wa wanda ya ci maka iyakar gona. Ci ta haka nan.

Addu'a: Ya Uba, na gaji da rigar aro. Ka ciyar da ni da Maganarka, ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki, a cikin sunan Yesu. Amin.