Malam, Miƙa wa Yaro Allin

Ya ku malaman firamare na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa! Ku ne masu sammako a kan babur da keke, ku keta taɓo da damina, ku sha ƙura da hunturu, ku tarar da aji cike maƙil, wasu yaran a kan benci, wasu a ƙasa. Daga Tiga zuwa Kwanar Dangora, daga Yaryasa har duwatsun Riruwai, babu likita ko injiniya ko alƙalin da yankin nan zai haifa da ba zai fara bi ta hannunku ba. Saboda girman wannan amana nake roƙonku abu ɗaya: ku sakar wa yara aikin koyo su riƙe da hannunsu.

Kowa ya san yadda aka saba. Malam ya cika allo da rubutu, ya karanta, yara su maimaita da ƙarfi har a jiyo su daga bakin titi. Ya ce, "Kun gane?" Su amsa baki ɗaya, "Mun gane!" Amma a ware yarinya guda daga layin baya, a nuna mata kalma ɗaya a tsakiyar allon, sai ta sunkuyar da kai. Muryar aji ta rufe ta shekara huɗu, ba wanda ya san ba ta iya haɗa baƙi da wasali ba. Malamin bai yi lalaci ba, ya yi gumi har muryarsa ta dushe. Hanyar ce ta ɗora masa dukkan aikin, ta bar yaran 'yan kallo.

Ku dubi madatsar ruwa ta Tiga da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala a 1974. Duk yawan ruwanta, da ba a haƙa magudanan da ke kai shi gonakin Kadawa da Kura ba, da ko kwano ɗaya na shinkafa bai fito ba. Ilimin da ke kanku haka yake: sai ya gangara ya isa wurin kowane yaro shi kaɗai.

Wannan hanya ta bin kowane yaro shi kaɗai kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantar allo kowane almajiri da allonsa da inda karatunsa ya tsaya. Malam yakan saurare shi, ya gyara masa, kuma ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Manya suna biya wa ƙanana. Mun gaji wannan tsari tun kafin zuwan boko.

An kuma gwada irinsa a makarantun gwamnati na jiharmu. A 2019 hukumar SUBEB ta Kano, tare da British Council da ƙungiyar TaRL Africa, ta fara shirin KaLMA a Dawakin Tofa da Wudil, a kan salon da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta ɓullo da shi. Tsarin mai sauƙi ne. A gwada yara ɗaya bayan ɗaya: wa ya san haruffa, wa ke karanta kalma, wa ke iya karanta gajeren labari. Sai a raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, a ware lokaci kullum kowane rukuni ya yi aiki daidai ƙarfinsa. Wanda ya ƙware a ɗaga shi gaba. Malaman da suka yi wannan 'yan uwanku ne, da irin ajinku da irin albashinku.

Kayan aikin ma suna kewaye da ku. Ɗaurin tsinke goma-goma yana koyar da gomomi da ɗaiɗai fiye da dogon bayani. Ɗan Tudun Wada da ke ganin ana auna shinkafa, a ba shi lissafin kwano nawa ke cika buhu. 'Yar Doguwa ta ƙirga layukan ƙwaya a zangarniyar masara ta koyi ninkawa. Yaran da ke kusa da dajin Falgore su kawo sunayen itatuwan da suka sani, su rubuta su a kwali, su jera su bisa harafin farko. Idan aji ya cika da surutun yara masu gardama a kan amsa, kada ka ji kunya don hedimasta ya leƙo. Wannan surutun karatu ne.

Sai batun na'ura. Wasu suna cewa sai an kawo kwamfuta da wutar lantarki kafin a yi zancen fasahar zamani. Malama, wayar da ke jakarki ta isa a fara. Ɗauki muryar yaro yana karatu, ki kunna masa ya ji kansa, ki ga yadda zai gyara kuskurensa ba tare da tsawa ba. Malam, ranar da ka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi, sauke darasi ko hoton bidiyo, ka tura wa abokan aikinka, ka kunna wa aji da ƙaramar sifika mai cajin sola. Manhajar Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta ce, kuma akwai darussan Hausa a ciki. A 2020, da korona ta rufe makarantu, rediyo ne ya riƙa kai darasi gidajen Kano. Sai dai a kula: yaron da ya zura wa waya ido shiru bai fi wanda ya zura wa allo ido ba. Ka tsayar da bidiyon, ka yi tambaya, ka sa su zana abin da suka gani, su bayyana wa juna.

Wannan bai sauke wa hukuma nauyinta ba. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kuma haƙƙinku ne ku nemi ganin ta a ajinku: rufin da ba ya yoyo, kujeru, littattafai, ƙarin malamai, horo da ƙarin girma a kan kari. Ku faɗa ta bakin ƙungiyarku ta NUT, ku jawo iyaye da masu unguwanni ta kwamitin kula da makaranta. Amma yaron da ke aji uku bana ba zai tsaya jiran kwangila ba, shekararsa tafiya take.

Don haka ku fara ranar Litinin. Ku gwada yara goma, ku san inda kowanne ya tsaya. Ku raba rukuni, ku naɗa masu biya wa 'yan uwansu. Ku kafa zauren WhatsApp na malaman mazaɓarku, kowa ya kawo dabarar da ta yi masa aiki. Kafin ƙarshen zango za ku ji yaron da bai taɓa buɗe baki ba yana karanta wa mahaifinsa takarda, kuma ladan kowane harafi yana rubuce da sunanku. Ku tashi, malamai, aikin naku ne kuma kun isa!