GIDAN YOHANNA DA MATWOK

Da yawa daga cikinmu da mu ke zaune a Fagge da Sabon Gari ba a nan aka haife mu ba. Daga ƙauye mu ka zo, waɗansu domin ciniki, waɗansu domin aikin albashi. 'Ya'yanmu kuwa a nan su ke tashi, sun san kowace kwana ta Titin Ibrahim Taiwo, amma kaɗan ne su ka san sunan garin kakansu, balle yadda Bishara ta shiga gidansu. Saboda wannan mu ke so mu ba ku labarin wani gida.

A ƙauyen Lur, cikin ƙasar Angas wajen Pankshin, akwai wani mutum Yohanna Gowon da matarsa Matwok Kurnyang. Suna cikin masu-bi na fari a ƙasarsu. Yohanna ya zama mai-bishara, daga baya ya ɗauki iyalinsa su ka koma Wusasa, kusa da birnin Zariya. Mishan na C.M.S., wanda Likita Miller ya kafa cikin birnin Zariya a 1905, ya ƙaura zuwa can a 1929, aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, irin ginin Hausa. Ku lura, baƙi ne su a wurin. Harshen gari ba nasu ba ne, dangi suna nesa, albashin mai-bishara na lokacin kuwa ba ya riƙe gida sai an haɗa da fartanya. Allah ya ba su 'ya'ya 11. Wanda ya taɓa ciyad da baki huɗu ko biyar a wannan birni ya san abin da wannan ya ke nufi.

Na biyar cikinsu shi ne Yakubu, wanda aka haifa ran 19 ga Oktoba 1934. Ya yi makarantar Wusasa, ya wuce kwalejin Zariya wadda a ke kira Barewa, ya shiga soja a 1954, aka tura shi Sandhurst a Ingila. Ran 1 ga Agusta 1966 ya zama shugaban Nijeriya, bai cika shekara 32 ba.

A nan ne yawancinmu mu kan tsaya, mu ce, kun ga yadda Allah ya ke sāka wa bayinsa. Mu yi hankali da wannan magana. Idan sarauta ce ladan aminci, to, masu-bishara nawa su ka mutu a Wusasa da sauran wurare, 'ya'yansu manoma da malaman firamare, ba wanda ya san sunansu? Allah ya manta da su ke nan? Kuma kujerar da ɗan Yohanna ya hau ba ta hutu ba ce. Cikin 1966 ɗin nan aka zub da jinin mutanen Gabas da yawa a Sabon Garin nan namu. Yaƙi ya biyo baya daga Yuli 1967 har Janairu 1970, yunwa ta kashe yara ba iyaka. Ba mu da ikon wanke kowa daga wannan, gama shari'a ta Ubangiji ce. Amma abin da ya faru sa'anda yaƙin ya ƙare sananne ne: mutumin da ikon ramawa ya ke hannunsa ya shelanta cewa babu mai-nasara, babu wanda aka ci, ya kira a yi sulhu a sake gini. A ganinmu ba a makarantar soja a ke koyon irin wannan ba.

Sa'an nan ranar saukowa ta zo. Ran 29 ga Yuli 1975, yana taron shugabannin Afirka a Kampala, aka tuɓe shi. Cikin hafsoshin da su ka shirya abin har da Kanar Ibrahim Taiwo, wanda titin nan da mu ke bi kullum ya ke ɗauke da sunansa. Ba a yi wata bakwai ba aka kashe shi kansa, ran 13 ga Fabrairu 1976, rana ɗaya da Janar Murtala Muhammad. Haka ikon duniya ya ke. Yakubu kuwa ya tafi Ingila, ya zauna a aji tare da samari a jami'ar Warwick. Aka zarge shi da hannu cikin abin da ya faru a 1976, aka ƙwace girmansa na soja, sai daga baya aka mayar masa. Da ya komo gida, aikin da aka fi saninsa da shi shi ne tara mutane su yi wa ƙasar addu'a. Ya cika shekara 90 a 2024.

Ku tuna da Timothawus. Sa'anda Bulus ya ke so ya ƙarfafa shi, bai ambaci makarantar da ya yi ba, sai ya tuna masa da kakarsa Loyis da uwarsa Afniki (2 Timothawus 1:5). Ku tuna kuma da Eli, firist ne, kullum yana cikin gidan Allah, amma ya ga muguntar 'ya'yansa bai hana su ba, gidansa ya rushe. Watau zama dattijon Ekklesiya ba ya ceton ɗan kowa.

Ga abin da ya ke damunmu. Uba ya fita da asuba zuwa Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, sai dare ya komo a gajiye. Uwa tana fama da nata. An biya kuɗin makaranta, an sayi tufafin Kirsimeti, sai a ce an gama. Littafi Mai-Tsarki yana cikin Hausa tun 1932, amma a gidaje da yawa ran Lahadi kaɗai a ke kaɗe masa ƙura. Yaron kuwa titi ne ya ke koya masa, titin kuma ba ya gajiya.

Muna roƙon kowane maigida da uwargida, cikin watan nan, bayan tuwon dare, ku tara yara, a karanta sura ɗaya, a yi addu'a. Ku faɗa masu sunan ƙauyenku, da wanda ya fara ba da gaskiya a zuriyarku, da abin da ya sha saboda haka. In akwai tsoho ko tsohuwa da ya rage a gida, a kai masa jikoki su ji daga bakinsa, wanda ya iya rubutu kuma ya rubuta a bayan Littafin iyali.