Karatun Gida da Tambayar Yaro

Da yawanmu mun bar wa makaranta nauyin koya wa 'ya'yanmu addini. Alhali kuwa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, a gidan mahaifinta Shehu Usmanu ta soma karatu, har ta zama malamar mata. To, idan mun tara yaranmu bayan magariba, ko Alƙur'ani muka buɗe ko Littafi Mai Tsarki, hadda kaɗai muke nema? Yaron da ya tambayi dalilin da mutumin kirki ke shan wahala, muka daka masa tsawa, shiru ya koya, imani kuwa da saura. Wajibinmu ne mu amsa gwargwadon saninmu, mu faɗa masa inda iliminmu ya tsaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a hankali, kada ya karye.