Ɗaga Tsohuwar Leda Tukuna

Karatu: Joshuwa 7:6-26

Kaka ta yi, an sayar da gero da wake, Kirsimeti ya matso. A gidaje da yawa daga Batsari har Safana ana shirin sake ledar ɗaki, mai hali kuma ya sayi kafet. Amma macen da ta san gyaran ɗaki ba ta shimfiɗa sabuwa a kan tsohuwa. Sai ta fitar da gado da kwanuka, ta ɗaga tsohuwar. A nan ake ganin abin da damina ta bari: danshi, hanyar gara, wani lokaci har kunama. Sai a share, a cike ramuka da siminti ko a sake daɓe, a bari ƙasa ta bushe. In aka yi gaggawar rufewa, ba a daɗe wari zai taso, kuɗi sun tafi a banza.

A karatunmu na yau ma akwai abin da aka rufe a ƙasan ɗaki. Allah ya hana Isra'ilawa ɗibar wa kansu ganimar Yariko, amma Akan ya ɗauki alkyabbar Babila, da azurfa shekel 200, da zinariya mai nauyin shekel 50, ya binne cikin alfarwarsa. Mai leƙawa ba zai ga kome ba. Duk da haka, da mutum wajen 3,000 suka tafi yaƙi da ƙaramin garin Ai, aka fatattake su, wajen 36 suka mutu. Joshuwa ya faɗi rubda ciki har yamma, sai Ubangiji ya umarce shi ya tashi a binciko abin. Addu'a ba ta ɗauke wa kowa aikin tonowa ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, me ke ƙarƙashin taku ledar? Kuɗin adashen da aka ci aka yi shiru? Gaba a kan iyakar gona? Ko ƙudurin ramuwa tun ranar da 'yan bindiga suka fito daga dajin Rugu suka kore shanunku? Wannan ciwo na gaske ne, Allah kuwa ya san shi. Amma in kun rufe shi da sabon ɗinki da waƙar ranar Lahadi, zai ci gaba da ci ta ƙarƙashi, har ya taɓa 'ya'yanku.

Akan bai buɗe baki ba sai da aka nuna shi. Ku kuwa kuna da yau. Wanda ya furta zunubinsa, jinin Yesu yana wanke shi sarai. Haleluya!

Aikin yau: Ka ambaci abu ɗaya da ka rufe, da sunansa, a gaban Allah. In hakkin wani ne, ka je wurinsa kafin mako ya ƙare.

Addu'a: Ya Uba, ka ɗaga abin da na rufe. Ruhu Mai Tsarki, ka share, ka gyara, sa'an nan ka shimfiɗa salamarka a gidana. Cikin sunan Yesu, amin.