Hukuncin Zane Mai Motsi a Ma'aunin Fiƙihu

Zane mai motsi, wanda aka fi sani da katun, jerin hotuna ne tsayayyu da ake nunawa ɗaya bayan ɗaya da sauri, har ido ya ɗauka motsi yake gani. A fim na silima hotuna 24 ne ke wucewa cikin daƙiƙa guda, amma masu zanen hannu kan wadatu da 12, a nuna kowanne sau biyu. A da wannan aiki na manyan kamfanoni ne. Yanzu manhajar Blender kyauta ce ga kowa tun 2002, FlipaClip na aiki a wayar hannu, Adobe Animate kuwa, wadda ake kira Flash kafin a sauya mata suna a 2016, tana fitar da zanen da ke tafiya kai tsaye a intanet. Saboda haka matashin Mai'aduwa da ke son mayar da labarin Bayajida katun ba kayan aiki ne babbar matsalarsa ba. Kafin ya zana doki, da macijiyar rijiyar Kusugu, da sarauniya Daurama, akwai tambayar da zai ci karo da ita a gida ko a masallacin unguwa: shin zana mai rai ya halatta?

Tambayar tana da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisai masu tsanani a kan masu yin surori: za a azabtar da su ranar ƙiyama, a nemi su raya abin da suka suranta, su kasa. An kuma ruwaito cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi wani labule mai hotuna a ɗakin Nana A'isha, har ta yanka shi ta yi matasai. Ibn Abbas ma ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga bishiyoyi da abubuwan da ba su da rai. Malamai sun ciro dalilai biyu daga waɗannan nassosi. Ɗaya shi ne kwaikwayon halittar Allah. Ɗayan kuma toshe ƙofar shirka, domin gumakan mutanen Annabi Nuhu da aka ambata a Alƙur'ani sun faro ne daga siffofin wasu salihan bayi da aka yi don tunawa da su.

Saɓani ya taso ne wajen tantance wace sura ake nufi. Imam Nawawi, wanda ya rasu a 1277, ya tafi a kan cewa hanin ya game kowace surar mai rai, a bango take ko a tufa, tana da inuwa ko ba ta da ita. Wannan ra'ayi ne aka fi ji a wa'azozin zamani, har wasu suka ɗauka babu wani. Alhali littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Daura da kewayenta sun rarrabe. Risalar Ibn Abi Zaid ta tsaya ga karhanci game da surorin jikin bango da gado da zobe, ta kuma cire adon tufa daga ciki, duk da ta ce barinsa ya fi. Shaihu Dardir, a sharhinsa na Muhtasar Halil, ya kawo mas'alar a babin walima, inda ya nuna cewa haramci yana tabbata ne idan surar ta mai rai ce, gaɓoɓinta cikakku ne, kuma tana da jiki mai yin inuwa, wato mutum-mutumi. Zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango makaruhi ne, in kuwa a wulaƙance yake, kamar na jikin shimfiɗar da ake takawa, to barinsa ne kawai ya fi.

A nan wasu kan yi kuskuren jingina katun da hoton kyamara. Shaihu Muhammad Bahit al-Muɗi'i, muftin Masar da ya rasu a 1935, ya halatta hoton kyamara da hujjar cewa kama inuwa ne kamar yadda madubi ke yi, mai ɗauka bai ƙago siffa ba. Wannan hujja ba ta amfanar mai katun, domin shi da hannunsa yake fitar da ido da hanci. Idan yana da mafita, a rarrabewar Malikiyya take, ba a fatawar kyamara ba.

Sai batun zanen da ake yi da Blender, mai kauri da zurfi, wanda ake juya shi ta kowace fuska, har manhajar ta yi masa inuwa. Inuwar da malaman fiƙihu suke magana a kai ita ce ta abin da ke da jiki, wanda za a iya ɗauka a girke a ɗaki. Dokin da ke fuskar kwamfuta lissafi ne da haske. Da zarar an kashe na'ura babu shi. Ya fi kusa da zanen takarda. Amma duk ranar da aka fitar da shi ta na'urar da ke ƙera abu mai jiki, ya zama mutum-mutumi, hukuncinsa kuma ya sauya.

Motsin fa? Akwai masu ganin cewa shi ne ya ƙara wa abin muni, tunda mai zanen ya sa sura ta yi tafiya ta yi magana, kamar mai amsa ƙalubalen rayarwa. Hujjar tana da kwarjini, sai dai ba ta da ƙarfi. Mai aikin ya fi kowa sanin cewa babu abin da ya motsa: shi ya zana matakin farko da na ƙarshe, manhaja ta cike tsakani, muryar kuma ta wani ce da aka naɗa. Hukuncin jerin hotuna ba ya wuce hukuncin hoto ɗaya daga cikinsu, sai dai abin da labarin ya ƙunsa.

Katun ɗin yara yana da ƙarin madogara. Ya inganta cewa Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, kuma Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda suke yi wa yara abin wasa na ulu don su jure azumin Ashura. Idan an yi sauƙi ga 'yar tsana mai jiki saboda tarbiyya, zanen da ke koya wa yaro alwala ko ƙirga ya fi cancantar sauƙin. Shirye-shirye kamar Omar & Hana na Malesiya misali ne na irin wannan zanen.

Wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da ra'ayin Nawawi bai rasa aiki ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da fasahar da ba ta dogara da fuska: dagi, da zayyanar allon sauka, da adon bangon gidajen Daura da Zariya da Damagaram, da aikin wuyan babbar riga. Duk ana iya motsa su, haka ma rubutu, taswira da alƙaluma, kuma tallan kasuwanci da darussan makaranta galibi irin wannan suke buƙata. Wasu kuma kan bar fuska babu ido da baki.

Akwai iyakar da ɓangarorin biyu suka haɗu a kanta. Ba a suranta Allah, ba a zana annabawa, kuma manyan cibiyoyin fatawa irin su Azhar sun haɗa da manyan sahabbai. Fim ɗin katun na tarihin Annabi da Richard Rich ya shirya a 2002 bai nuna shi ba ko sau ɗaya. Tsiraici, da izgili ga addini, da zana mutum don a ci zarafinsa haramun ne ko da wane kayan aiki aka yi su. Abin da ya rage bayan wannan mas'ala ce ta saɓani tsakanin malamai, kuma a mazhabar da ƙasar Daura ta gada, zanen mai rai da ba shi da jiki bai kai matsayin haramun ba.