Isnadin Lokaci

Na daɗe ina juya wata mas'ala a zuciyata, wadda a zahiri ta masanan na'ura ce, amma a baɗini ta malamai ce: shin agogo ya san lokaci, ko kuwa faɗa masa ake yi? A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse mai ƙyalli wanda ke kaɗawa idan lantarki ya ratsa shi, kuma da kaɗawar nan take ƙirga daƙiƙoƙi. To, da yake zafi da sanyi suna taɓa shi, idan aka bar ta ita kaɗai sai ta riƙa zamewa kaɗan-kaɗan, har a wayi gari ta saɓa wa 'yan'uwanta alhali ba ta sani ba.

Maganin da marigayi David Mills, malamin Jami'ar Delaware ta Amurka, ya tsara, wanda aka wallafa ƙa'idojinsa a 1985 da sunan NTP, ba kome ba ne illa riwaya. Tushen labarin yana wurin agogon atam, domin tun 1967 aka ƙayyade daƙiƙa guda da kaɗawa 9,192,631,770 ta sinadarin siziyam. Na'urar da ta ji daga gare shi kai tsaye ita ce ɗabaƙa ta farko, wadda ta ji daga wannan ita ce ta biyu, haka har zuwa ta goma sha biyar. Duk almajirin da ya taɓa durƙusawa gaban malamin hadisi ya san wannan tsani, ya kuma san dalilin da ya sa magabata suka sha wahalar tafiya don neman isnadi gajere. Abin da ya fi ratsa ni shi ne, kwamfuta ba ta wadatuwa da maruwaici ɗaya: takan tambayi da yawa, ta lissafa jinkirin da amsa ta yi a hanya, ta yi watsi da wanda ya kauce wa jama'a, sa'an nan, idan kuskurenta ƙarami ne, ta gyara shi sannu a hankali, ba ta yi tsalle ba.

Amma shi kansa atam bai san rana ba. Juyawar ƙasa ba ta bin ƙirgarsa daidai, saboda haka daga 1972 zuwa ƙarshen 2016 sau 27 aka ƙara daƙiƙa guda don a sulhunta su, kafin ƙasashe su yanke shawara a 2022 cewa za a bar wannan al'ada nan da 2035. Ina ganin uzurinsu, domin ƙarin yana rikita na'urori, sai dai zuciyata ba ta natsu ba. Ibnu Shaɗir, mai kula da lokutan salla a masallacin Banu Umayya na Dimashƙa a ƙarni na 14, inuwa ya riƙa dubawa, kuma har gobe azahar ba ta shiga sai rana ta yi zawali, ko agogon da ke bangon masallaci ya ce me.